Masu Ɗaga Akwatin Farfesa Zanardo

Oreste Zanardo yana da shekara goma sha tara ya ga abin da ya lalata masa rayuwa. Ba mace ba ce, ba caca ba ce, jana'iza ce.

Ubansa mai kantin cuku da naman gishiri ne a wani ƙauye can gindin tsaunuka. Ya turo shi jami'ar garinmu ya karanta shari'a, don ya koma gida ya riƙa rubuta wa manoma takardun gona. Wata safiya a shekararsa ta farko, yana tafe da burodi a hammata, sai ya ji babbar ƙararrawar hasumiya tana bugawa ɗaiɗai. Ya bi mutane ya shiga tsohuwar harabar jami'a. Wani farfesan likitanci ne ya mutu. An ajiye akwatin gawar a tsakiya, malamai sun jeru cikin baƙaƙen riguna, an yi jawabi an gama. Sai ɗaliban mamacin su takwas, waɗanda ya rena da hannunsa har suka zama mutane, suka kama akwatin suka ɗaga shi sama da kawunansu. Suka sauke, suka sake ɗagawa, har sau uku, kamar yadda ake yi wa duk mai kujerar farfesa a nan tun kaka da kakanni.

Cikin waɗanda suka tsaya a wurin, wasu sun tuna da mutuwa, wasu sun tuna ba su karya ba. Oreste kuwa ya dubi akwatin nan a sama ya ji hassada ta kama shi. Ya ce a ransa ko me za a yi sai an yi masa haka. Daga ranar har tsufansa bai sake son wani abu da gaske ba.

Da farko ya duba inda kujera ta fi sauƙin samu. Fannin shari'a cike yake da 'ya'yan manya. Fannin tattalin arzikin ƙasa kuwa ba kowa, ga shi mai kujerar, Farfesa Trevisan, ya fara tsufa kuma ba shi da ɗa. Nan take Oreste ya gano cewa tun yana yaro tattalin arziki yake so. Ya zama ɗan ɗaukar jakar Trevisan. Shi ke riƙe masa laima, shi ke kama masa wurin zama a jirgin ƙasa, shi ke fara dariya idan tsohon ya ba da labarin da ya riga ya bayar sau ashirin. Da lokaci ya yi ya auri Clelia, 'yar ƙanwar Trevisan. Ba wanda ya taɓa jin ya ce tana da kyau, ita ma ba ta taɓa cewa yana da basira ba, suka zauna lafiya.

Littafi ɗaya ya rubuta, a kan harajin gishiri a zamanin da. Lokacin gwamnatin kama-karya ce, don haka babin ƙarshe ya nuna cewa dole hukuma ta riƙe farashi da hannun ƙarfe. Bayan yaƙin da ya kifar da gwamnatin, da iska ta juya, ya cire babin ya sa wani mai nuna cewa dole a sakar wa kasuwa mara ta yi yadda take so, ya canza sunan littafin. Da 'yan ƙwadago suka yi ƙarfi ya ƙara gabatarwa mai tausayin talaka, ya sake canza suna. A takardun jami'a littattafai uku ke nan. Gishirin dai shi ne.

Trevisan ya biya shi ladan ɗaukar jaka. Ya sama masa kujera, sannan ya mutu ba da daɗewa ba. Ranar ɗaga akwatinsa Oreste ya taka ƙafar wani ɗalibin da ya girme shi don ya kama kusurwar gaba ta dama, wadda ita ce ta babban ɗalibi. Mutane sun ga idonsa ya yi ja suka ce kaico, ya yi rashin uba. Shi kuwa lissafi yake yi. Trevisan ya samu mutum takwas, shida daga ciki farfesoshi. Shi ma sai ya tara nasa, kuma gara ya fara da wuri.

Haka ya shiga zaɓen ɗalibai. A aji maganarsa ɗaya ce, gasa. Gasa ke rarrabe mai kyau da mara kyau, gasa ke hana lalaci, ƙasar da ta toshe gasa ta haƙa wa kanta rami. Yana faɗa yana buga tebur. Wata shekara wata ɗaliba gajeriya mai suna Nives Bordin, 'yar wani mai gyaran keke, ta ɗaga hannu.

"Farfesa, in haka ne, me ya sa ba a yin gasar a nan tsangayar? Na ga duk wanda aka ɗauka aiki, tun kafin a buɗe neman an san sunansa."

Oreste ya cire tabarau ya goge.

"'Yan mata, me babanki yake yi?"

"Gyaran keke."

"To, ki tambaye shi ko yana barin kowane mai wucewa ya taɓa masa kayan aiki."

'Yan gaban aji suka yi dariya, don sun san lokacin yin ta. Nives ce ta fi kowa a shekararta, shi ma ya sani. Amma ya dube ta daga sama har ƙasa ya ga ba ta kai kafaɗarsa ba, ga ta mace, kuma a lokacin mata ba sa taɓa akwati a haraba. Me zai yi da ita? Ya yabe ta ga wata jami'a a Ingila yabon da bai taɓa yi wa kowa ba, don kawai ta yi nisa. Ta tafi.

Waɗanda ya riƙe dogaye ne masu faɗin ƙirji da ƙarancin tambaya. A jarrabawar baka yakan saki alƙalaminsa ya faɗi ƙasa, ya ga wanda zai riga sunkuyawa. Ranar Lahadi yakan gayyace su cin tuwon masara da ake kira polenta da busasshen kifi, ya zauna a kan tebur yana kallonsu kamar mai sayen shanun huɗa. Clelia ta gane shi tun da wuri. Wata Lahadi bayan sun watse, tana tattara kwanuka, ta ce:

"Oreste, wai ɗalibai kake nema ko 'yan dako?"

"Ke ba ki san al'amuran jami'a ba."

"A gidan jami'a aka haife ni. Na farkon can, mai gashin baki, ko sunan littafinka bai iya faɗa daidai ba."

"Zai koya."

"Wanne daga cikin sunayen ukun?"

Huɗu daga cikinsu ya kai su kujera, ta hanyar da ake kai mutum: ka ba ni ƙuri'a bana, in ba ka baɗi. A nan kuma lissafinsa ya fara karkacewa. Sabon farfesa ba ya fara aiki a gida, sai an tura shi can nesa, Sardiniya ko Sisiliya, ya yi shekaru kafin a yi maganar dawowa. Su huɗun nan ba wanda ya dawo. Ɗaya ya auri 'yar wani babba a can ya koma yaron surukinsa. Ɗaya ya shiga banki. Biyu suka lura cewa sunan Zanardo ba ya buɗe ƙofa a ko'ina, suka daina ambatarsa. Katin gaisuwar Kirsimeti ya riƙa zuwa, sannan ya daina. Oreste ya ɗauki darasi, kuma shi ne kaɗai abin da ya gano da kansa a fannin nasa: ɗalibin da ya samu kujera ya tafi ke nan.

A kan Silvano Pavan darasin ya faɗa.

Silvano ɗan ma'aikacin jirgin ƙasa ne, dogo, mai hannu kamar faranti, mai sanyin hali har ya yi yawa. Kuma, abin da Oreste bai nema ba amma ya samu, yaron yana da kai. Ya iya koyarwa. Yakan ɗauki maganar kuɗin ruwa ko farashin alkama ya warware ta har ɗan ƙauye ya gane. Oreste ya ba shi darasi ɗaya ya riƙe masa, sannan biyu, sannan duka. Shi kansa sai ya zo ranar buɗe shekara ya yi jawabin gasa, ya ɓace, sai ranar jarrabawa ya zo ya sa hannu. Silvano ke koyarwa, Silvano ke duba rubutun ɗalibai, Silvano ke karɓo wa Clelia magani. Idan sun fito tare yana bayansa da jaka.

Silvano yana da shekara arba'in da uku aka buɗe neman kujera uku, kuma Oreste yana cikin farfesoshi biyar da za su zauna a Roma su yanke. Kowa a tsangaya ya ce an gama. Matar Silvano, Rina, malamar firamare ce, har ta fara tambayar mutane yadda zafin Sardiniya yake.

A Roma ba a ɗakin taro ake yanke irin wannan ba, a gidan abinci ne. Farfesa Iodice, wani mai ƙiba daga kudu, ya ja Oreste gefe yana sakace.

"Zanardo, kada mu ɓata wa juna lokaci. Na karanta aikin yaronka kan ƙungiyoyin manoma. Ya fi nawa, ba na musu. Ka ɗaga wa nawa hannu, in ɗaga wa naka, na ukun mu bar wa 'yan Milano su yi ta faɗa."

"Zan ɗaga wa naka," in ji Oreste. "Nawa a bar shi tukuna."

"A bar shi?"

"Bai nuna ba."

Iodice ya cire tsinken daga baki. "Mutum da furfura a kai bai nuna ba? Sai ya ruɓe za ka tsinke shi? To me kake so a madadi?"

"Ba komai."

"Abokina, na ga masu sayar da yaran wasu, ni ma na sayar. Amma wanda ya zubar da nasa kyauta, yau na fara gani."

Da jirgi ya iso garinmu Silvano yana tsaye a tasha, ya sa rigarsa ta zuwa coci.

"Malam, sannu da hanya. Yaya aka yi?"

Oreste ya girgiza kai kamar wanda aka yi wa mutuwa. "'Yan kudu sun haɗe kai. Na yi faɗa har muryata ta dishe. Ka yi haƙuri, ɗana, na gaba naka ne."

"Ba komai, Malam. Na gode da ƙoƙari."

Oreste ya miƙa masa jakar. Sau biyu aka sake buɗe neman kujera kafin ya yi ritaya, sau biyu ana haɗe kai a Roma, sau ɗaya 'yan kudu, sau ɗaya 'yan gurguzu. Ko Silvano ya gane, ba wanda ya sani. Ni dai ina ganin ya gane, kuma abin da ya fi ba ni haushi ke nan da shi. Rina kam ta gane, ta daina zuwa cin abincin Lahadi.

Clelia ta riga mijinta tafiya. Ana gobe za ta mutu ta kira shi bakin gado, ya zo yana tsammanin za ta nemi gafara ko ta gode.

"Ka saki yaron nan," ta ce.

"Wane yaro? Ai yanzu ba ni da ƙuri'a."

"Kana da baki. Amma ba za ka yi ba." Ta rufe ido. "Za ka daɗe, Oreste. Irinku ba sa mutuwa da wuri. Ka yi tunanin wannan."

Bai yi ba. Ya ɗauka zafin ciwo ne.

Bayan ritaya ba shi da aikin da ya wuce jana'izar abokan aiki. Da ya ji ƙararrawar hasumiya sai ya sa baƙar riga ya fito, Silvano na riƙe da gwiwar hannunsa. Ya zama gwani a harkar. Wannan an ɗaga shi a karkace. Wancan mutum shida kawai ya samu, biyu ma ba ɗalibansa ba ne, surukai ne. Na wancan sun yi gaggawa kamar masu sauke buhu. A hanyar komawa gida yakan maimaita wa Silvano tsarin nasa.

"Kai ne a gaba ta dama. Sauran bakwai kai za ka nemo su, ka san su, duk sun bi ta hannuna. Ka kira na bankin nan tun da wuri, yana da girman kai. Kuma a hankali. In kun ɗaga ku tsaya sai ƙararrawa ta buga kafin ku sauke."

"To, Malam."

"Kada ka ce to kawai. Maimaita."

Mutum mai shekara sittin da jikoki sai ya maimaita, a tsakiyar titi, mutane na wucewa.

Cikin waɗannan shekaru Nives Bordin ta dawo daga Ingila da suna wanda ya fi ƙarfin a toshe shi. Aka ba ta kujerar da Oreste ya bari, daga baya ta zama shugabar tsangaya. Da farko ya ce duniya ta lalace. Da ya ga ana ambatarta a jarida sai ya fara ce wa mutane ai ɗalibarsa ce, shi ya tura ta waje. Ta yi ƙoƙarin tura Silvano gaba, amma lokaci ya ƙure. Rabonsa da rubuta abin kansa an yi shekara ashirin, yana ta koyar da darasin wani.

Sai Silvano ya kwanta, ciwon hanta. Oreste ya je asibiti sau ɗaya. Ya tsaya a bakin gado da hula a hannu, bai dubi fuskar majinyacin ba, hannuwansa ya duba. Sun zube, sai ƙashi da jijiya.

"Me ke nan? Ba ka cin abinci ne? Da waɗannan za ka ɗaga ni?"

Silvano ya yi murmushi. "Zan murmure, Malam."

Rina tana zaune a gefe tana ɓare lemo. Ta ajiye wuƙar a hankali ta fita, don kada ta yi abin da za a kama ta.

Bai murmure ba. Kwana biyu da rasuwarsa Nives ta aika aka ɗauko Oreste zuwa ofishinta. Ya tarar da Rina zaune cikin baƙaƙen kaya.

"Farfesa," in ji Nives, "Rina ta roƙi a ɗaga Silvano a haraba. Ka san doka ta ce sai mai kujera. Amma majalisar tsangaya tana iya yin rangwame idan malamin mamacin ya nema da bakinsa. An taɓa yi. Kai ne malaminsa. Ka ce kana so, ni zan yi sauran."

Oreste ya jingina da sandarsa. Abin da ya zo masa a rai ba Silvano ba ne. Harabar ce ya gani, da irin mutanen da za su cika ta, ya kuma ga cewa in an ɗaga ɗan ɗaukar jaka yau, gobe in an ɗaga shi ba wani abu aka yi masa ba. Shekara sittin da biyar yana tanadin abu, a ce a raba shi da wanda ko kujera bai samu ba?

"Ina ƙaunar Silvano kamar ɗana," ya ce. "Amma al'ada al'ada ce. In aka buɗe wannan ƙofa, gobe mai shara ma zai nema."

Rina ba ta ɗaga murya ba. "Farfesa, wa ya hana shi kujerar?"

"Baiwar Allah, al'amuran Roma suna da wuyar fahimta ga wanda ba ya ciki."

"Iodice ya rubuto mini ta'aziyya jiya. Ya tsufa, ya daina ɓoye abu." Ta miƙe ta gyara mayafinta. "Shekara arba'in ina raba miji da kai. Ko a asibiti, da ya farka, tambayarsa ita ce wa zai kai ka wurin likitan ido ranar Talata. Ka samu wani ya kai ka."

A cocin unguwarsu aka yi jana'izar, can bayan tashar jirgi. Oreste ya je a tasi, yana tsammanin dangi da maƙwabta. Ya tarar ba wurin ajiye mota. Alƙalai, manajojin banki, malaman sakandare, ma'aikatan haraji, wata mata da ta taso tun daga Torino, duk waɗanda suka zauna a ajin nan cikin shekara arba'in. Da aka fito da akwatin dandalin coci, Nives, wadda har yanzu ba ta kai kafaɗar kowa ba, ta sa hannu a kusurwar gaba. Ba wanda ya ba da umarni. Hannuwa suka yi yawa har ana ture juna, aka ɗaga, aka sauke, aka sake, har sau uku. Ba hasumiya, ba baƙaƙen riguna, sai kukan jirgin kaya da ke wucewa. Maza manya suna share hawaye. Oreste ya lura cewa ɓangaren Nives ya yi ƙasa, akwatin ya karkace sosai.

Amma ya ga wani abu kuma. Ya ga kafaɗu. Ga su nan birjik, ƙarfafa, masu shekara arba'in da hamsin, kuma a takarda duk ɗalibansa ne, shi ya sa hannu a jarrabawarsu. Ana watsewa ya kutsa cikinsu da sandarsa, ya kama hannun rigar wani dogo mai sanƙo.

"Ɗana, ka gane ni? Zanardo. Ni na koyar da kai."

Mutumin ya sunkuyo da ladabi. "Sannu, Baba. Wane darasi?"

"Tattalin arzikin ƙasa mana."

"A'a, Baba, ai mu Pavan ne ya koyar da mu." Ya yi ɗan tunani, sai fuskarsa ta washe. "Au, kai ne mai zuwa ranar farko ka buga tebur? Ashe kana nan da rai. Allah ya ƙara lafiya."

Ya gwada na biyu da na uku. Ɗaya ya ɗauka bara yake yi. Ɗaya ya san shi sarai, ya dube shi ya zare hannunsa ya wuce.

Bayan mako ya sake zuwa ofishin Nives, wannan karon ba a aiko ba. Ya yi ta kewaye-kewaye, lafiyar tsangaya, tsadar littattafai, sannan ya fito da ita.

"In tawa ta zo, yaya za a yi?"

"Kana da kujera, Farfesa. Za a buga ƙararrawa, za a kawo ka haraba, ni zan yi jawabi. Ba wanda zai tauye maka haƙƙi."

"Masu ɗagawa fa?"

"Wannan ba aikin ofis ba ne. Ɗalibai ke zuwa da kansu."

"Ke ma ai ɗalibata ce."

Ta dube shi ta saman tabarau. "Ni gajeriya ce, Farfesa. Zan karkatar maka da shi." Ta jawo wata takarda gabanta. "In ba a samu kowa ba, ma'aikatan kamfanin jana'iza suke yi. Ba su da laifi, aikinsu ne."

Wani tsohon zai koma gida ya yi kuka, ko ya nemi gidan Rina ya durƙusa. Oreste ya koma gida ya yi tunani irin na masanin tattalin arziki: in kaya ba su samuwa a inda aka saba, a nemi wata kasuwa. Da safe ya sa baƙar rigarsa ta farfesa a ƙarƙashin kwat, ya hau tasi zuwa kamfanin jana'iza da ke hanyar maƙabarta.

Mai kamfanin ya saba da tsofaffi masu zuwa zaɓen akwatinsu, amma bai taɓa ganin wanda ya zo duba ma'aikata ba. Ya ga rigar, ya ji kunyar ƙi. Ya kira yaransa daga bayan gida, inda suke wanke mota. Su huɗu ne.

"Takwas ake bukata," in ji Oreste.

"Ranka ya daɗe, huɗu muke da su. Sun isa, ai ba ka da nauyi."

Aka fito da wani akwati fanko aka ajiye a tsakar wurin, tsakanin bokitin wanki da tulin tsofaffin furanni. Oreste ya cire kwat ya tsaya a gabansu cikin rigar, ya jera su da sandarsa. Wannan ya koma baya, ya cika gajarta. Wancan ya tofar da cingam. Ya nuna musu inda ake kamawa, da yadda ake tsayawa a sama sai ƙararrawa ta buga. Da yake ba ƙararrawa, shi ya riƙa yi da baki. Suka ɗaga, ya ce sun yi sauri. Suka sake, ya ce hagu ta yi ƙasa. Karon farko a cikin shekaru masu yawa yana koyar da darasi da kansa, har gumi ya karyo masa.

"Ranar kuma ba da wannan rigar aikin za ku zo ba," ya ce. "Ku sa kwat mai duhu. In wani ya tambaye ku, ku ce kun yi karatu a hannuna."

Suka dubi juna. Babbansu, wani mai furfura da zanen angar jirgin ruwa a dantse, ya goge hannu a wando.

"Baba, ba don na shiga abin da ba ruwana ba. Mu ɗagawa aikinmu ne, ko ba ka zo ba za mu yi. Amma a harabar jami'a, na san ɗalibai ke yi. Shekara nawa ka yi kana koyarwa?"

"Arba'in da ɗaya a kan kujera."

"Kuma ba ko mutum ɗaya?"

Oreste ya buɗe baki. Akwai 'yan kudu, akwai 'yan gurguzu, akwai lalacewar zamani, duk suna nan a kan harshensa inda suka saba zama. Ya dubi kusurwar gaba ta dama, wurin Silvano, inda wani yaro da bai san sunansa ba yake tsaye yana duba agogo.

"Akwai ɗaya," ya ce.

Mai kamfanin ya leƙo ya ce akwai gawa a asibiti da ke jiran mota.

"Ku sake sau ɗaya," in ji Oreste. "A hankali."

Suka ɗaga akwatin fanko, suka riƙe shi a sama suna jiran ya yi musu ƙararrawa.